Kwalbatin da Na Ce Zan Gina da Kuɗin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba, saura wata biyu damina ta sauka, mu 'yan layin hatsi na kasuwar Azare muka zauna kan maganar kwalbatin da ya rufta a bakin rumfunanmu. In ba a gyara ba, ruwa zai shiga buhuna. Ana cewa kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, sai na miƙe na ce a daina wahalar da mutane. Na ce shekara uku ke nan ina da asusun ajiya a banki, kuɗin ruwa yana ta taruwa, ni kuwa ba na cinsa, malaminmu ya ce a zuba shi a aikin jama'a. Kwalbati a bar mini. Har addu'a aka yi mini.

Lissafin a ka na yi shi, yadda nake yi wa wake. Kason da aka faɗa mini ranar buɗe asusu na ɗauka na wata ne (wace sana'a ce ake jiran shekara kafin a ga abin da ta kawo?).

Washegari na ɗauki shugaban layinmu, Alhaji Sule, muka tafi banki, wai ya zama shaida. Ma'aikaciyar bankin ta yi mana bayani a natse. Kason na shekara ne, ana raba shi wata-wata, kuma a kan kuɗin da ya zauna ake lissafawa, ban da wanda ya shigo da safe ya fita da azahar. Duk watan da mutum ya cire kuɗi fiye da sau huɗu kuma, ruwan watan ya faɗi. Ta tambaye ni sau nawa nake cirewa. Na ce ya danganta da kasuwar Yana da ta Katagum.

Ta duba. A shekara uku, wata biyu kaɗai na cancanta, lokacin da zazzaɓin taifot ya kwantar da ni.

"Kuɗin ruwanka naira dubu ɗaya da ɗari biyu ne," in ji ta.

Alhaji Sule ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Cire mana, ƙanena," in ji shi. "Leburori za su sha shayi."

Buhun wake ashirin na sayar tun farashi bai tashi ba, na gina kwalbatin, domin bakina ne ya faɗa a gaban mutane. Yanzu duk wanda ya ce mini kashi kaza cikin ɗari, sai na tambaye shi a wata nawa, kuma a zaune nake tambaya.