Ranar da Kalwar Iya Ta Kori Ajinmu

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na fitar da ajinmu kaf zuwa gindin darbejiya, ni da ko lokacin kiran suna sai an ce in ɗaga murya.

A makarantarmu ta 'yan mata a Roni, Malama Rakiya mai bayoloji ta fara mana darasin ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ta ce suna tafin hannunmu, suna cikin randa. Wasu na kawo amai da gudawa, wasu kuwa su ke mayar da madara kindirmo. Ta ce kowa ta zo da shaidar aikinsu daga gida, waɗanda suka fi iya bayani za ta kai su Kazaure su leƙa madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa, tunda mu ba mu da shi. Ban gaya wa kowa ba, amma na ƙwallafa rai sai na gan su da idona.

Na san nono da burodi mai fumfuna za su cika aji. Ni kuwa kakata, Iya, daddawa take yi. Na daɗe da lura in ta dafa kalwa ta zuba a kwando ta lulluɓe da tsohon buhunta, bayan kwanaki in ka sa hannu sai ka ji ɗumi, alhali babu wuta kusa. Na roƙe ta ta ɗebar mini wadda ba ta gama nuna ba.

"Ƙawata, wannan za ki kai wa malamai?" in ji ta. "To, kada ki toshe ta. Ba ta son ɗaki marar taga."

Kunya ta sa na toshe ta. Na danna ta a gwangwanin madara, na rufe, na naɗe da tsohon ɗankwali, na tura ƙasan jaka (a ganina na yi dabara ke nan).

Bayoloji sai bayan hutun tara, lissafi ne farko, kuma kujerata tana bakin tagar da rana ke dukanta. Malam Sani yana tsakiyar rubutu Zulai maƙwabciyata ta fara shinshina iska. Can sai layin gaba suka ja hijabi suka rufe hanci. Wata ta ce ɓera ne ya mutu a silin. Aka ja tebura, aka leƙa lungu. Ni ma na toshe hanci ina taya su neman ɓera (Allah Ya yafe mini).

Da abin ya ishi Malam sai ya ce kowa ta ɗauki jakarta, a ƙarasa darasi a waje. Muka fita. Warin ya biyo mu.

A gindin darbejiya na ga ana zamewa daga kusa da ni ɗaya bayan ɗaya, har na rage ni kaɗai rungume da jaka. Ina iya tuna wani cinnaka da ke hawa takalmina. Shi na zuba wa ido.

"Ke, mene ne a jakar nan?"

"Aikin gida ne, Malam."

Dariyar da aka yi har ta fito da Malama Rakiya daga ofis. Ta kwance ɗankwalin, murfin ya riga ya ɗaga. Ta ɗan kawar da kai, sannan ta ce tunda na tara mata aji, in yi bayanina yanzu.

Na fara da zancen ɗumin. Na ja kalwar da tsinke na nuna yauƙin da ke bin ta kamar zare. Na ce Iya ba ta yarda a sauya mata buhu, kuma ina zaton a jikinsa halittun suke zaune suna jiran sabuwar kalwa. Malama ta ce zatona ya yi daidai: bakteriya ne ke cin kalwar, ɗumin da warin duk alamar suna aiki ne. Zulai ta ce ai ƙazanta ce. Malama ta ce wadda ba ta ci miyar kuka jiya ba ta ɗaga hannu. Ba hannun da ya tashi.

Na je Kazaure, da kalwata (a bayan mota aka ɗaure ta). A madubi na gan su, 'yan sanduna sirara birjik kamar karyayyun tsinkayen ashana. Sai da aka taɓa kafaɗata na ba wata wuri.

Har yau 'Yar Daddawa ake kirana, kuma amsawa nake, da ƙarfi ma. Abin da na koya shi ne, in tsohuwa ta ce kada ki toshe, kada ki toshe. Ni ce mai kunya, bakteriya ba su san ta ba.