Ranar da na wanke randar kifin Bashiru

Ba zan taɓa mantawa da wagga Laraba ba, kuma ko na so mantawa Hajiya Kulu ba ta bari. Har yau in munka gamu wurin suna sai ta ce, "Ina kumfa?" Allah ya isa tsakanina da bakinta.

Autana Bashiru aikin sola yake yi. Shekara huɗu ya yi Legas, ya dawo Gummi babu mata, babu mota, sai akwatin gilashi da bokitin gishiri. Wai kifin teku zai kiwata a ɗakin zaure. Nic ce mashi, "Kai, ga gulbi nan cike da tarwaɗa, mi za ka yi da kifin da ba a ci?" Yay yi dariya. (Dariyar ubanshi ce, wadda ke sa in ji kamar in jefe shi da muciya.)

Abin da ya fi ji da shi ba akwatin sama ba ne, wani ne da ya haɗa da hannunshi ya ɓoye ƙarƙashin tebur. Shina kiran shi da wani sunan Turanci, ni randar ƙasa nike ce mata. Tsohon akwatin gilashi ne ya samo, ya je wurin mai yankan gilashi anka yanko mashi falle biyu, ya raba cikin ɗaki uku da wani gam mai warin tsami. Ni na riƙe mashi gilasan har gam ɗin ya kama, shina ce mani, "Inna, kar ki motsa." To ku gaya mani, abin da na riƙe da hannuna ba ni da haƙƙi a kanshi?

Ruwa na saukowa daga sama ta bututu, ya bi ta wata 'yar jakar tsumma a ɗakin farko, ya tsallaka na biyu inda ya jibge duwatsu masu huji da wata koriyar ciyawa, sannan inji ya tura shi sama daga na uku. Akwai kuma wani kofi da ke tara baƙin kumfa mai ɗoyi. Sati shida abin nan na gurnani babu kifi ko ɗaya. Sai daga baya anka kawo mashi biyu, 'yan mitsi-mitsi, ruwan goro da farin zane, da wasu rassa da ya ce murjani ne mai rai. Ni murjanin da na sani a wuya ake sa shi.

Kifin sun yi kyau, ba ni ƙarya. Shi ya sa na gayyato matan ajinmu na yaƙi da jahilci su zo kallo ran Laraba da la'asar, har da Malama Rahila, 'yar Zuru da ta koya mani baƙi da wasali bayan na haura sittin. Amma duk mai leƙa ƙarƙashin tebur ɗin zai ga ƙazanta. Duwatsu sun yi baƙi, gansakuka ta kama gilashi, ga ɗoyi. Ni da ba a taɓa ganin gansakuka a randata ba tun ina amarya.

Da safen Larabar Bashiru ya tafi Bukkuyum haɗa ma wani sola. Na shiga da tsintsiya sai ga takarda manne jikin randar, da manyan baƙaƙe yadda nike iya karantawa. Na sa tabarau, na bi da yatsa: "Inna, don Allah kada ki taɓa na ƙasa."

Nan na tsaya. Akwai sauran rubutu, ban bi ta kanshi ba. Ni za a manna ma takarda a gidana kamar wata ɓarauniyar kaji? Yaron da na goya? Ashe na koyi karatu ne don ya ji daɗin ba ni oda ba tare da ya dubi idona ba! Na ɓamɓare ta, na dunƙule, na cusa a haɓar zane.

Na zare wayar injin. Na kwashe duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya, na zuba masu garin sabulu, na dirje su da soso har sunka yi fari, na shanya a rana. Ciyawar na watsa ma awaki. Na ɗanɗana ruwan, gishiri kamar an yi ɓarin miya, na kwashe na zubar a kwata. Na ɗebo na rijiya, na kaɗa alif a ciki yadda muke yi ma ruwan gulbi, ya kwanta garau kamar idon zakara. Na mai da komai. Ban kunna ba, na bari sai baƙi sun zo su gani da idonsu.

Sunka zo su bakwai. Na ɗaga labulen tebur da kaina, nic ce, "Yaran yanzu sun iya haɗa abu, amma tsabta sai mu." Na soka waya.

Da farko wani fari-fari ya taso a kofin nan. Kafin in ce mi, kumfa ya ture murfi, ya cika randar, ya malalo bisa tabarma har ƙafar Malama. Akwatin sama shi ma ya yi fari kamar kunun gyaɗa. Kifin sunka fara juyi da ciki sama.

Hajiya Kulu tac ce, "Ke, wankan jego kika yi masu?"

Malama Rahila ce ta fizge wayar injin, ta kira Bashiru da wayarta, ta sa muryar a fili don hannunta na jiƙe. Duk zauren ya ji shi. "Malama, akwai jarka shuɗiya bayan ƙofa, ruwan gishiri ne, ki juye a roba mai tsabta ki kwashe su yanzu!" Allah ya taimake ni ban ga jarkar ba da safe, da ita ma ta sha alif. Sannan yac ce, "Inna ba ta ga takardata ba?"

Kowa ya juyo. Ni kuma haɓar zanena ta zaɓi lokacin nan ta kwance.

Malama ta ɗauka, ta warware, ta miƙo mani. Ba ta yi faɗa ba, muryar aji ta yi. "Mama, karanta muna. Har ƙarshe."

Na karanta, a gaban Kulu, ina in'ina. "Inna, don Allah kada ki taɓa na ƙasa. Dattin duwatsun nan shi ke tace ruwan, sati shida na yi ina jiran su nuna. Kamar daddawarki ce, in anka buɗe ta lalace."

Daddawa. Ni da na shekara talatin ina yin ta, na zane wanga yaro da tsumagiya sau biyu don ya ɗaga buhun da na rufe kalwa da shi kafin kwana uku. Kulu ta san da haka, don a gabanta anka yi na biyun. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi.

Kifi ɗaya ya mutu kafin magariba. Murjanin ya yi fari fat, bai sake dawowa ba. Bashiru ya iso ya durƙusa gaban robar ya daɗe, ko kallona bai yi ba, kuma da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Kuma har gobe ina da fushi da shi. Yana da baki, sati shida muna cin tuwo tare, mi ya hana shi ya ce mani daddawa tun farko? Shi ya ce ya faɗa sau uku ina sauraren rediyo. Ƙarya yake yi. Sau biyu ne.

Yanzu ya sake jera wasu duwatsun, kifin da ya tsira na yawo shi kaɗai kamar gwauro. Randar ƙasa ta koma baƙa, tana ɗoyinta, ina wucewa ina kau da kai. Abin da na koya, wata tara Malama ta yi tana koya mani haɗa baƙi, amma kifi ne ya koya mani a kai ƙarshen takarda kafin a yi fushi. In an kai, sai a yi fushin a natse.