Ranar da Ruwa Ya Gudu Ya Bar Ni Gaban Surukuwata

Ko da na manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗan Alhaji Sani, yayan matata, a Birnin Ƙonni. Alhaji ɗan kasuwa ne, ya gina gida ya saka pisin a baya, wato tafkin wanka irin na otel. A gefensa akwai wani ƙaramin kwarmi mai ruwan ɗumi da kumfa, wanda ake zama ciki a gasa jiki. Inji guda ne ke juya ruwan su biyun.

Ni kuwa manomin albasa ne a Badagishiri. Ina da injin ban-ruwa, saboda haka a ganina babu abin da ruwa zai ɓoye mini.

Da hantsi Alhaji ya dubi babban tafkin ya yi tsaki. "Ruwan ga ya yi ƙasa, ga baƙi tahe, kuma mai gyaran yana Sakkwato."

"Haba Yaya," na ce, "ina nan kake neman mai gyara?"

(Allah ya sani ba wanda ya tambaye ni.)

Na shiga ɗakin injin, na tarar da bututai sun sarƙe kamar hanjin rago, kowane da bawul mai jan hannu. Na murɗa wannan, na murɗa wancan, na leƙo waje. Sai ga ruwa na ɓulɓulowa cikin babban tafkin. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Ashe muna da injiniya cikin dangi!" Ya koma wajen baƙinsa a ƙofar gida. Ni ko tambayar kaina ban yi ba daga ina ruwan ke fitowa.

Zafi ake yi na gaske, bayan gida kuma ba kowa. Na dubi ƙaramin kwarmin nan, shi ma ya dube ni. Na ce ai injiniya ya cancanci ya ɗanɗana aikinsa. Na tuɓe a ɗakin inji, na rataye kayana a kan bututu, na rage daga ni sai wani tsohon gajeren wando wanda matata ta sha roƙona in jefar. Na tsunduma. Kai, masu kuɗi na jin daɗi!

Ban gama lumshe ido ba na ji muryoyin mata. Matar Alhaji ce ta kawo su kallon pisin, har da matata, kuma a gabansu Inna, surukuwata, wadda tun da na auri 'yarta ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Suka shimfiɗa tabarma a inuwa, daidai tsakanina da kayana.

Na nutse har wuya, na ɓoye kaina a bayan bakin kwarmin. Na ce in sun gama kallo za su tafi. Sai aka kawo musu fura.

A nan na lura ruwan da ke wuyana ya dawo ƙirji. Na ƙara zamewa. Ya dawo cibiya. Ashe abin da na yi shi ne na sa injin yana zuƙe ruwan ƙaramin yana juyewa a babban. Kowane ɗigo da Alhaji ya yaba mini, daga nan aka kwaso shi. Ruwa na sauka ina bin sa, har na kwanta shame-shame a ƙasa kamar tarwaɗa a busasshen rafi, ina addu'ar da ban ma san na iya ba.

Da ruwan ya ƙare, ramin da ke zuƙa ya kama shan iska, ya saki wata ƙara: "Ƙwarrr! Gwarrr!" kamar raƙumi na kurkure baki.

"Mi ne ne haka?" in ji Inna. "Ku duba, kar wata dabba ta hwaɗa."

Na ji takun takalma. Kawuna suka zagaye ni ta sama, ɗankwali kala-kala. Na rasa abin da zan rufe, fuska ko wando. Sai na ji bakina ya ce, "Ina kwananku?"

Matata ta ja mayafi ta rufe ido. Wata ta fashe da dariya har ta zauna ƙasa. Inna kuwa ta kau da kai, ta ce cikin natsuwa, "Ku ɗauko buta ku yayyahwa mai ruwa, kar ya bushe kahin mai gidan ya zo."

Da zanen matata na fito. Alhaji ya kashe injin kafin ya ƙone, yana dariya har da hawaye, kuma kafin la'asar labarin ya riga ni isa Badagishiri.

Tun daga ranar, in na ga ruwa na shiga wani wuri, sai na bincika daga ina yake fitowa kafin in tuɓe wando.