Ranar da Na Mai da Soron Baba Tafki

Ko sunana zan manta, ba zan taɓa mantawa da daminar da na gyara wa Baba soro ba. Shekarar da muka samu 'yancin kai ce, ina sabon malamin lakol, wato makarantar boko, a garin Gazawa. Kowa Mushe yake ce mini, wato malam da Faransanci, ni kuwa kai ya kumbura har hula ba ta zama. Ga keke, ga farin gajeren wando, ga alƙalami a aljihu. Gani nake Turawa sun tafi ne sun bar mini ƙasar in gyara.

Sai na fara da gidanmu, a wani ƙauye kusa da Gangara. Soron Baba kakana ne ya gina shi. Azarar ma shi ya jawo ta da shanu tun daga kudu, kuma a cikin soron ya cika. Shi kaɗai ne soro a unguwarmu, saura duk ɗakunan ciyawa. Duk bazara, kafin ruwa ya sauka, Baba Ɗanjimma magini, abokin Baba tun ƙuruciya, yakan hau rufin ya cike tsaga, ya yi sabon yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa, ya zura sanda cikin indararo huɗun nan ya fid da shara. Haka ake yi tun ban san hannun damana ba, kuma soro bai taɓa yoyo ba.

Ni wannan duk ƙauyanci ne a wurina. Na ga gidan kumandan, Baturen mulki, na ga buro, wato ofishinsa, ban ga wanda ke hawa yana shafa musu laka duk shekara ba. Na samo siminti buhu biyu, amalanke ta kawo har ƙofar gida, na ce wa Baba an gama wahala har abada.

"Ka bari Ɗanjimma shi gani tukun," in ji Baba.

"Baba, wannan ilimi ne. Ba aikin Baba Ɗanjimma ba ne."

(Ilimin nawa kuwa, sau ɗaya na taɓa tsayawa na kalli ana dama siminti a bayan lakol.)

Na hau na shafe rufin nan sumul kamar allo. Indararon suka tsone mini ido, manyan kututtura sun yi zuru a jikin bango, sai na cire su duka, na toshe ramukan. Na sa wani siririn tiyon ƙarfe, wato bututu, guda ɗaya, wanda kaurinsa bai fi babban yatsa biyu ba. Baba Ɗanjimma ya zo ya tsaya a ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, ina ka ba ruwan hanya?"

Na nuna masa tiyo.

"Wanga? To. Allah shi sa ruwan bana ya yi lakol, shi iya bin layi."

Ya sunkuya ya tattara indararon da na yar, ya ɗora a ka ya tafi. Ni har dariya na yi masa.

Ruwan farko ya zo yayyafi, na biyu ya ɗan jiƙa ƙasa, ɗaki bai ɗiga ba. Nan fa baki ya buɗe. Ban san rana ta riga ta tsattsaga simintin ba, ruwa yana sulalewa ƙarƙashi, ƙasa tana jiƙa ba ta da hanyar bushewa. Ranar kasuwar Gangara na gayyato direktan lakol ɗinmu takanas ya zo ya ga ci gaba. Bayan azahar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kwaso karmami da ganye ta watsa ko'ina. Dattawan da ke dawowa daga kasuwa suka fake a ƙofarmu, ni da bakina na ce su shigo soro, nan ne ruwa ba ya taɓawa. Baba Ɗanjimma ma yana cikinsu, amma ya zauna dab da ƙofa.

Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina tsaye tsakiyar ɗaki ina bayani, rabi Hausa rabi Faransanci don direkta ya ji. Sai Baba Ɗanjimma ya leƙa waje ya ce, "Mushe, tiyonka hwa ya yi shiru." Na leƙa. Wallahi ko ɗigo ba ya fitarwa, ganye ya toshe shi. Duk ruwan da sama ta zubo yana kwance bisa kawunanmu.

Ɗigon farko a kan hancina ya sauka, ja, mai laka. Na ce gumi ne. Sai azara ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba.

"Ku hita! Ku hita maza!" in ji Baba Ɗanjimma.

Tsofaffin da ke tafiya da sanda suka riga direkta fita. Ni kuwa, don Allah ka ji wauta, na tsaya ina ɗaga hannu ina cewa, "Jama'a ku kwantar da hankali, siminti ne!" Baba ne ya dawo ya finciko ni ta wuyan riga. Ƙafata ba ta gama tsallake dokin ƙofa ba rufin ya rufto, ƙasa da siminti da tafki guda na ruwa. Igiyar laka ta doke ni ta baya na kife a gaban direkta, farin wando ya koma ja.

Na ɗago kai daga cikin laka, na waiwaya. Ina kallon inda soro yake, sama nake gani. Da Baba ya yi jinkirin numfashi biyu, da ni da shi muna ƙarƙashi. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Baba ya tsaya cikin ruwa, ya dafa karyayyar azarar da ubansa ya jawo daga kudu, ya daɗe bai ɗaga hannu ba. Na jira zagi, na jira mari. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ba ka ji ciwo ba dai?"

Daminar nan duka a ɗakin ciyawa Baba ya kwana, kusa da garken awaki. Da kaka ta yi Baba Ɗanjimma ya sake rufin, ni ne mai taka ƙasa, wando naɗe. Doguwar azara ba ta samu ba, dole aka matso da bango, soro ya tsuke. Ranar gamawa ya fito da indararon nan huɗu daga gidansa, ya miƙo mini ɗaya. "Riƙe, Mushe Tiyo. Ruwa ba a tsare shi, hanya aka ba shi." Sunan kuwa ya riga ni isa Gazawa, ya bi ni har na bar aiki.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Yau gidana na siminti ne, amma indararo shida gare shi, kuma duk bazara ni da kaina nake hawa da sanda, jikoki suna dariya. Baba kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba, sai dai duk sanda zai shimfiɗa buzu a soron sai ya ɗan karkata shi, don tsawon ɗakin bai kai na da ba.