Hoton Gidan Kawu

Ba zan taɓa mantawa da hantsin da na ɗauki hoton gidan Kawu Issufu a unguwar Adjamé ta birnin Abidjan ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai. Lokacin ba a daɗe da gama babban yaƙin duniya na biyu ba, ina koyon aikin hoto a bayan kasuwar Treichville, wajen wani ɗan Senegal da muke kira Misye Sar.

Misye Sar yana da littattafan Faransanci a saman kabad. Da ya ga rawar kaina ta yi yawa, sai ya sauko mini da ɗaya ya ce, "In kana son iya ɗaukar hoton gini, wannan za ka karanta. Sauran sai ka yi gemu." Littafin cike yake da hotunan manyan gine-ginen ƙasar Turawa, kowane bango a miƙe sambal. Faransancina na kasuwa ne, amma na dage da haɗa baƙi har na tsinci dokokinsa: rana ta kasance a bayanka, kada bango ya karkace, kada kowa ya tare ƙofa. Shi ke nan kaina ya kumbura. (Har na koma tafiya da ido ɗaya a kanne, ina auna gidajen mutane da babban yatsa. Wata mai suyar ayaba ta taɓa yi mini sannu da ciwon ido.)

Kawu ƙanin mahaifina ne, ɗan fataucin goro, shi ya riƙe ni tun zuwana Abidjan. A shekarar ya gama gininsa na siminti mai rufin kwano da baranda. Mahaifiyarsa, kakata Iya, tana can Damagaram, tsufa ya kama ta, ba ta taɓa ganin matarsa Inna Hajara ba, balle jikokin da aka haifa a nan. Duk matafiyin da ya zo, saƙonta ɗaya ne: tana son ganin fuskokinsu. Sai ga wani maƙwabcinmu, Malam Habu, zai hau jirgin ƙasa zuwa garin Bobo, daga can ya wuce gida Damagaram.

Kawu ya ce, "Kai da ke aikin foto, ka ɗauke mu a ƙofar gida, a kai wa Iya ta gan mu."

A lokacin a kan gilashi ake ɗaukar hoto, kowane gilashi hoto ɗaya, kuma ya yi wuya bayan yaƙi, guda ɗaya tal Misye Sar ya ba ni. Na ɗora akwatin hoto a ka, na haye gadar Treichville mai lilo bisa ruwa, ina taku kamar ni na gina ta. Na tarar an ci ado. Kawu ya sha babbar riga da rawani, Inna Hajara ta sa lalle, yara an shafe su da mai sai ƙyalli suke yi. Suka jeru a bakin ƙofa.

Na shige cikin baƙin ƙyallen akwatin hoto, na ga gidan a kife kamar yadda akwatin ke nunawa, sai littafi ya motsa mini. "Kawu, a ɗan matsa, kun tare ƙofa." Suka matsa. "Inna, a ƙara kaɗan, baranda ba ta fito ba." Suka ƙara. Haka na yi ta kora su har gindin mangwaro. A raina suna nan ciki ta gefe. (Gaskiya ban duba ba, bango nake kallo.) Na daka tsawa, "Kar kowa ya motsa!" Bayin Allah suka ƙame, ko numfashi ba sa yi.

Ranar da na kawo hoton, zaure ya cika da maƙwabta, Malam Habu na zaune da kayansa a ɗaure. Kawu ya karɓa da bismillah, ya duba, ya juya bayansa, ya sake dubawa. Gida ya fito tsaf, har layin kwano ana ƙirgawa. Mutum kuwa ko ɗaya babu.

"To, mu muna ina?" in ji shi.

Bakina ya ce, "Ai haka littafin ya ce." Zaure ya ɗauki dariya. Inna Hajara daga bayan labule ta ce, "Ashe littafi muka yi wa lalle." Na so ƙasa ta tsage in shige. Babu wani gilashin, jirgi kuma ba ya jira, haka hoton ya tafi.

Da Malam Habu ya dawo bayan damina, ya kawo amsar Iya. Ya ce ta sa wa gidan albarka, sannan ta kai hoton daf da idonta, ta bi tagogin ɗaya bayan ɗaya ko wani zai leƙo. Kafin mu sami wanda zai kai mata hoto na biyu, ta rasu. Har yau in na tuna, kewarta da kunya tare suke taso mini, ban san wadda ta fi ciwo ba.

Na yi shekaru ina wannan sana'a, kuma wanda ya rubuta littafin nan ya san gini, ban musa ba. Sai dai da alama ba shi da kaka a Damagaram. Tun daga ranar, ko rumbu aka ce in ɗauka, sai na fara tambayar wa za a kai wa hoton.