Ƙofar Gefen Ajidan

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da ƙofar motata ta tozarta ni a gaban soja ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. A shekarar fari ce, bayan sojoji sun karɓi mulki, lokacin da gidana na Bukoki ya cika da dangi daga ƙauyenmu na wajen Tawa. Dabbobinsu sun mutu, rumbu ya ƙare, sai suka tuna suna da ɗan'uwa mai mota a Yamai. (Kada ka ji an ce mai mota ka yi zaton wani abu. Tsohuwar kamiyo ce, babbar motar ɗaukar kaya, da ta gaji da jigilar gyaɗa tun zamanin Nasara, ni kuma na saye ta da gajiyarta.)

Ana haka aka ce ana neman manyan motoci su kai hatsin agaji arewa. Wanda aka ɗauka, tukunyar gidansa ta hau wuta. Wanda aka kora kuwa sai ya koma ya yi wa baƙinsa bayani. Sharaɗi ɗaya ne: soja zai duba mota tukuna, kuma an ce ba ya wasa.

To, ƙofar gefena ta daɗe tana rataye da igiya, domin bulon da ke riƙe ta, wato ƙusoshin nan da ake murɗawa, duk sun karye a cikin raminsu, sai guntaye da tsatsa ta cinye. Na jiƙa su da gazuwal, man da motar ke sha, na sa kurfi da guduma, na buga har na fasa yatsa, ko motsi ba su yi ba. Daga ƙarshe Hama mai sudura, maƙwabcina da ke walda, ya liƙa wa kowane guntu ɗan ƙarfe, muka yi ta murɗawa da kile, wato sifana, har suka fito ɗaya bayan ɗaya. Wallahi na gaji, irin gajiyar da mutum ba ya ma iya jin daɗi.

Saura sababbin bulo. Na zagaye kasuwar Katako rumfa-rumfa, kowa ya duba guntun hannuna sai ya ce irin wannan an daina yinsa tun kafin a haife shi. Ina dawowa a galabaice sai idona ya faɗa kan ƙofar gefen fasinja, ga bulonta nan lafiya lau. A nan dabara ta zo mini (ita dai dabarata ba ta zuwa sai na gaji). Na kwance su na ɗaura a gefena, na rufe waccan ƙofa da ƙarfi, na cusa laka da baƙin mai a ramukan. Muddin tana rufe, makullinta zai riƙe ta. Hama ya kalle ni ya ce shi dai sudura aka kira shi ya yi, ya tattara kayansa.

Washegari muka jera motoci a filin da ake lodi, ga direbobi ga 'yan dako ga masu jiran tsintar abin da ya zube. Sojan da ke dubawa mai muƙamin ajidan ne, dogo, ba ya murmushi. Ya gwada birki, ya duba fitila, ya buɗe ƙofata ya rufe, ta yi ƙara mai daɗin ji. Ya gyaɗa kai. Har na fara tunanin fuskar matata idan na ce mata an ɗauke ni.

Sai ya ce tun da motata ce a gaba, a cikinta zai zauna.

Na ce, "Mon ajidan, da ka shiga ta nan gefena, ya fi sauƙi."

Ya yi mini kallon da ya sa na haɗiye sauran maganar. Ya zagaya, ya kama mariƙin ya ja. Ƙofar ta biyo shi gaba ɗayanta. Ya ja da baya yana rungume da ita, hularsa ta faɗi, laka da baƙin mai suka shafe masa gaban kaki. Ba wanda ya isa ya yi dariya a zamanin nan, sai tari da ya kama direbobi lokaci guda. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige, na riga na ga kaina a gidan kaso, dangina kuma a bakin titi.

Ya jingina ƙofar, ya leƙa ramukan, ya zagayo ya leƙa gefena. Ya gane komai. A hankali ya ce, yadda suke kiran direba, "Shofar, maida mini bulona."

Haka na durƙusa a gaban jama'a na kwance aikin da na sha wuya a kansa, na maida ƙofarsa daram. Tawa kuma aka jefa ta bisa buhuna. Bai kore ni ba, domin motoci sun yi ƙaranci, ba don ya ji tausayina ba. Muka kama hanyar Tawa, shi a rufe cikin inuwa yana gyangyaɗi, ni a buɗe rana na gasa mini cinya, duk shingen da muka tsaya jandarmomi su leƙo su tambayi ina ƙofa.

Dangina sun ci tuwo a shekarar nan, alhamdu lillahi. Ni kuma na koyi abin da ban sake mantawa ba: idan kayan gyara ba za su isa ko'ina ba, gefen da mai bindiga zai zauna ake fara gyarawa.