Ranar da Na Tara wa Ƙwallon Sojoji Goshi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga sharo ba shanu ba, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Lokacin sabon direba ne ni a wani kamfanin jigilar masu Umra a nan Makka. Mudir, wato manajan kamfanin, ya haɗa ni da wasu baƙi, ƙungiyar wasan kurket (ƙwallon da ake bugawa da sanda) ta rundunar sojan wata ƙasar Asiya, har mai ɗaukar musu kaya soja ne. Ya ce, "Ya Abu Hanan, in suka yaba da kai, bas ɗin nan naka ne har aikin Hajji. In suka kawo ƙara, halas, aikinka ya ƙare."

Na ga ta kaina. Shugabansu wani Manjo ne mai gashin baki, ko shiga mota sai an yi layi. In na ɗan makara ya riƙa nuna min agogo kamar shi ya haife ni. Na danne, don ina da iyali a unguwar Hindawiyya.

Da suka gama Umra, 'yan ƙasarsu mazauna nan, teloli da masu gasa burodi, suka gayyace su wasa a wani fili kan hanyar Mina. Ɗaya daga cikin sojojin ƙafarsa ta kumbura wajen Safa da Marwa, sai Manjo ya tambaye ni da karyayyen Larabcinsa ko na iya ƙwallo. Ni kuwa sarkin iyayi na bugi ƙirji (a unguwarmu fa ni ne gwanin ci da ka). Ba wanda ya gaya min ƙwallon nan dutse ce aka naɗe da fata. Ba wanda ya ce cafewa ake yi. Soja guda cikinsu bai buɗe baki ba, abin da ke ƙona min rai ke nan!

Suka ajiye ni can bakin layi, rana na gasa ni, ba abin da ya zo. Sai a bugun ƙarshe, ana kankankan, wani mai burodi ya narka wa ƙwallon sanda ta yi sama, ta nufo ni. Sojoji suka ɗau ihu suna nuna ni. Ashe cafewa kawai zan yi mu ci wasa. Ni kuwa na mai da hannuwa baya (a ƙwallon da na sani taɓawa da hannu laifi ne), na daka tsalle, na ba ta goshi.

Kau!

Na farfaɗo ana yayyafa min zamzam. Ƙwallo ta tashi daga goshina ta tsallake layi, ashe hakan maki ne ga mai bugu, masu burodi sun cinye sojoji. Wani tela har ya rungume ni yana min godiya, Manjo na tsaye a kaina yana huci. Haka na tuƙo su otal da ƙulu a goshi kamar ƙwan agwagwa.

Washegari mudir ya karɓe makullin bas. Da na isa gida uwar Hanan ta dubi goshin ta ce, "Haba Abu Hanan! Su sojojin ma ka ce hular kwano suke sawa, kai wa ya aike ka?"

Yanzu keken tsofaffi nake turawa a Harami. Ko tattabara ta taso daga sama, kaucewa nake yi, don na daina tara wa abin da ban san nauyinsa ba kai.